Ƙugiyar da Muka Binne

Yaya Mansok ya mutu a watan Afrilu, amma har yau ba mu ga gawarsa ba. Ya faɗo ne daga hasumiyar haƙar mai da aka kafa a tsakiyar teku, tafiyar yini da kwana a jirgin ruwa kudu da tsibirinmu na Jeju, a ƙasar Koriya. Jirage biyu suka yi kwana uku suna zagaya wurin, sannan suka haƙura.

Ni lokacin ina dakon siminti a tashar jiragen ruwa ta birni, aiki na uku da na kama tun shigowar shekara. Tun da na bar makaranta ina aji biyu na sakandare ban taɓa cika wata huɗu a wuri ɗaya ba. Yaya ne mai zama. Shi ya sake wa Inna rufin ɗaki, shi yake yanke ciyawar kabarin Baba duk kaka. Ni nawa in zo in ci shinkafa da sha'ir in yi gaba.

Takardar kamfani ta riga ni isa gida. Shafi ɗaya ce, sama da Japananci, ƙasa da Koriyanci. Inna ba ta karatu, don haka mai unguwa ne ya karanta mata a tsakar gida, gaban mutane. Layi na huɗu ya ce ma'aikacin ya kwance ƙugiyar ɗamarar da ke hana shi faɗuwa da hannunsa, ba wanda ya umarce shi.

Kafin rana ta faɗi, layin nan ya zama wata magana dabam a ƙauye. Kowa ya san yarinyar da Yaya yake nema ta tafi Osaka a Japan ta auri wani a watan Fabrairu. Matan da Inna ta shekara talatin tana nutso da su, suna ciro katantanwa da ciyawar teku tare, suka fara yin shiru in ta shigo wurin da suke jin ɗumin wuta bayan nutso. Dattawan zuriyarmu suka zauna, suka ce wanda ya jefa kansa a ruwa ba ya kwanciya kusa da ubansa a maƙabartar dangi. In Inna tana so, ta yi masa wuri a gefen gonarta.

Bayan kwana biyar Kawu Bongdu ya dawo daga teku. Abokin Baba ne tun suna yara, kuma shi ya samo wa Yaya aikin. Bai shiga ɗaki ba, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya zaro wani abu naɗe da tawul daga ƙirjinsa ya ajiye gaban Inna.

"Uwar Mansok, ban kawo miki shi ba. Wannan kaɗai na iya kawowa."

Rabin ƙugiya ce, lanƙwasasshen bakin, girman tafin hannu. Ta yi baƙi da maiƙo, da ɗan sauran fenti ruwan ɗorawa a bayanta.

"A jikin ƙarfen da yake tsaye na tarar da ita tana lilo," in ji Kawu. "Ɗaya rabin ya tafi da shi, da igiyar da komai. " Ya juyo wajena. "Gilsu, kai da ka ɗan leƙa makaranta, faɗa mini. Mutumin da ya kwance ƙugiyarsa da hannunsa yana barin rabinta a baya?"

"To me ya hana ka nuna wa manyan wurin, Kawu?"

"Su wa? Waɗanda suka rubuta takarda tun ba a gama nemansa ba? Da na nuna musu, da yanzu tana ƙasan teku tare da shi. Kuma ni in zo wa matar abokina ba komai a hannu?"

Inna ta ɗauki ƙarfen da hannu biyu ta ɗora a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ya dawo."

A wurinmu in teku ta riƙe mutum ba a barin sa ba kabari, don kada kurwarsa ta yi ta yawo cikin sanyi. Ana binne rigarsa da abin da ya taɓa na ƙarshe, shi ne gawar. Na ce wa Inna ta bari in kai wa 'yan sanda su gani tukuna.

"Ka ɗauki yayanka ka kai shi ofis a jefa shi a aljihun tebur? Kwana goma yana cikin ruwa, bai isa ba?"

Na haƙura. Gaskiya ni ma a lokacin gani nake bakin Kawu Bongdu ya isa shaida. Inna da wasu tsofaffi biyu suka rufe kansu a ɗaki da ƙugiyar kwana biyu, kamar yadda ake yi wa mamaci, namiji ba ya shiga. Ni da Kawu muka haƙa rami a gefen gonar sha'ir, muka jero baƙin dutse muka yi masa katanga. Akwatin bai fi na takalmi ba. Ni na ɗauke shi. Mutum tara ne suka zo.

Washegari na shiga mota zuwa ofishin 'yan sanda. Sajen da na tarar yana shan taliya a kan tebur. Ya saurare ni har ƙarshe, ba laifi, sannan ya goge baki ya ja ni gaban taswirar da ke bango.

"Samari, ka ga wannan zanen? Duk ruwan da ke ciki namu ne, kuma na Japan ne. Manya sun kasa raba shi, sai suka ce a haƙa tare. Aka yanka shi gona-gona. Kowace gona akwai kamfanin da aka ba ragama. In namu ne, dokarmu ce ke aiki a wurin. In nasu ne, tasu. Yayanka a gonarsu ya faɗi."

"Amma yallaɓai, ɗan Koriya ne."

"Ko ɗan sarkin sama ne. Ba huruminmu ba ne. Ni ko kwalekwale ba ni da izinin kaiwa can."

Na hau jirgin ruwa zuwa Busan, inda 'yan Japan suke da ofis. Wata mata mai ladabi ta ba ni shayi, ta yi ta sunkuyar da kai, ta ce sun yi baƙin ciki ƙwarai. Sai dai ɗan kwangilar da ya ɗauki Yaya aiki ɗan Koriya ne, don haka maganar ma'aikaci ta ofishin ƙwadago na Koriya ce. A ofishin ƙwadago suka ce haka ne, tasu ce, amma jami'insu ba zai iya sa ƙafa a kan hasumiyar ba sai 'yan Japan sun gayyace shi, su kuma ba sa gayyata sai kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu ya amince. Na tambayi inda kwamitin yake. Aka ce ba wuri ba ne, zama ne, sau ɗaya a shekara.

Duk inda na je ina faɗin maganar ƙugiya. Ba wanda ya ce in kawo ta. Wanda ya karɓa, maganar ta zama tasa.

Rani ya wuce ina wannan zirga-zirga. Kawu Bongdu kuwa, da aka ji yana magana, ba a sake kiran sa aiki ba, ya koma kamun kifi da tsohon kwalekwalensa. Inna ta ci gaba da nutso, amma ta daina zama wurin jin ɗumi. Tana fitowa daga ruwa sai ta ɗauki ragarta ta wuce gida jiƙe.

A ƙarshe wani ya tura ni wurin Mista Hyon, a ofishin lardi a birnin Jeju. Teburinsa yana bayan ƙofa, kusa da bokitin shara. Siririn mutum ne mai gyambon ciki, kullum da kwalbar farin magani a gabansa. Shi aka ɗora wa duk wata takarda da ta shafi wannan ruwan, saboda yana jin Japananci kuma ba wanda yake son aikin.

"Zauna, ɗan Yang," ya ce, don sunan zuriyarmu ke nan. "Na karanta yarjejeniyar nan sau shida. Man da ba su samu ba tukuna sun raba shi rabi da rabi. Sun rubuta wa zai riƙe ragama, sun rubuta in an kasa jituwa a jefa ƙuri'a. Amma wa zai tashi daga kujerarsa in ɗan masunta ya faɗa ruwa, wannan kowane ɓangare yana ganin aikin ɗayan ne."

"To ni yaya zan yi?"

"Kai ba abin da za ka yi. Ni zan rubuta. Zan aika Seoul, Seoul ta aika Tokyo, Tokyo ta nemi wanda ba ta so ta turo shi. Kada ka sa rai."

Ya rubuta sau uku. Na koma tsinkar lemu a garin Sogwipo, karo na farko da na zauna kusa da gida don ina jiran wani abu.

Ran goma ga Disamba mai unguwa ya aiko yaro ana kira na a waya. Mista Hyon ne.

"Sun turo mutum daga Tokyo. Mai binciken haɗari ne, sunansa Kuwabara. Jiya ya sauka, jibi zai koma. Rijiyar ta fito ba mai, za a ja hasumiyar zuwa wata ƙasa, kwamitin zai zauna nan da kwana goma ya rufe duk takardun bana. Ya ji maganar Bongdu. Ya ce maganar baki ba ta ture takardar kamfani, amma ƙarfe yana turewa. Ka kawo ƙugiyar gobe kafin azahar."

Na tarar da Inna tana yanka kabeji a tsakar gida, Kawu Bongdu yana zaune a kan dutse yana gyaran raga. Na faɗa musu. Inna ba ta ɗago ba.

"Sai makon tsakani," ta ce.

Makon tsakani shi ne kwanakin nan na ƙarshen Janairu da allolin gida da na ƙasa suke hawa sama su kai rahoto, kafin sababbi su sauko. A ƙauyenmu sai a lokacin ake sauya gida, ake gyara shadda, ake taɓa kabari. Wanda ya taɓa ƙasa suna nan, ciwo ne zai shiga gidansa.

"Inna, saura kwana arba'in da wani abu. Mutumin jibi zai tafi."

"Ya tafi mana. Wata takwas muna jiransu, su ba za su iya jiran mu wata ɗaya ba?"

"Ba haka abin yake ba. In kwamitin ya zauna—"

"Kwamitin uwarsu. Ɗa ɗaya ya rage mini, shi ma kamar babu. In tone ƙasa alloli suna kallo, su ɗauke ka, in zauna da wa? Kuma a miƙa Mansok a hannun ɗan Japan ya jujjuya shi? Ubana a ramin kwal ɗinsu ya bar huhunsa."

"Uwar Mansok," Kawu ya ce a hankali, "yaron nan yana da gaskiya ta wani ɓangaren."

"Kai kuma ka yi mini shiru, Bongdu. Da ba ka kai shi can ba, da yanzu yana nan yana cin kabejin nan."

Kawu ya sunkuyar da kai kan ragarsa, ya ci gaba da gyara.

Da safe ruwa ya kwanta, matan suka fita nutso tun da hantsi. In sun shiga sai sun yi awa huɗu. Na jira har na ga tulunansu na iyo masu launin lemo suna yawo bayan duwatsu, sannan na ɗauki shebur na nufi gona. Kawu Bongdu yana can ya riga ni, da kwalbar giyar soju a hannu.

"Ni ba zan taɓa shebur ba," ya ce. "Na tsufa da faɗa da alloli. Amma ba a tayar da mutum ba a gaishe shi ba."

Ya zuba giyar sau uku a kan tudun. "Mansok, Kawunka ne. Ga ƙaninka, wannan mara zaman. Za mu ɗan fita da kai birni mu dawo, kada ka yi fushi. In za ka yi, ka yi da shi."

Na tsallaka katangar na fara haƙa. Iska tana kaɗowa daga teku, tana kawo mini fiton da matan suke yi in sun ɗago kai suna sakin numfashi. Na san na Inna a cikinsu, gajere ne, mai kaifi. Duk lokacin da na ji shi sai in ƙara sauri. Ƙasar ta yi tauri da sanyi, amma ramin ba zurfi. Akwatin ya fara ruɓewa ta ƙasa. A ciki akwai rigar Yaya ta biki a ninke, da ƙunshin farin ƙyalle ɗaure da zare wuri bakwai. Ban kwance ba. Na sa shi a ƙirjina na ruga bakin titi, ko ramin ban rufe ba.

Mista Kuwabara yana jira a wani ƙaramin ɗaki a ofishin lardi. Dattijo ne gajere mai furfura, yatsa ɗaya na hannun hagunsa guntu ne. Mista Hyon ya ce shekara ashirin ya yi a ma'adinai kafin ya koma bincike. Da na ajiye ƙunshin ya miƙe tsaye ya sunkuya masa, ba ni ba, ƙunshin. Ya sa farar safar hannu, ya shimfiɗa takarda, ya shiga kwance zaren ɗaya bayan ɗaya bai tsinka ko guda ba.

Da ƙyallen ya buɗe sai na ɗauka an sauya abin. Ƙugiyar tana ƙyalli kamar cokalin amarya. Ba maiƙo, ba fenti, ba tsatsa ko ɗigo. Ƙamshin man kitso yana tashi daga jikinta. Inda ta karye, wanda na gani da idona a watan Afrilu da haƙora-haƙora kamar fasasshiyar kwalba, ya zama sumul, an zagaye bakinsa.

Mista Kuwabara ya ɗauko gilashin ƙara girma. Ya daɗe yana dubawa, ya juya ta, ya kai ta bakin taga, ya dawo. Sannan ya ajiye, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Mista Hyon bai fassara nan take ba. Sai da ya kurɓi maganinsa.

"Yana tambaya wa ya goge ta."

"Innata ce. Ita da tsofaffi. Wanka suka yi masa."

Mista Hyon ya mayar masa da Japananci. Dattijon ya rufe ido, ya ja numfashi ta haƙora.

"Ya ce in ƙarfe ya karye, labarin yana rubuce a fuskar karayar. In tsohuwar tsaga ce ta daɗe tana ci, za a ga tsatsa a ciki da layi-layi kamar na bakin rairayi, sai ɗan wurin da ya ƙarasa ɓallewa ranar. Da ya ga haka, da ya rubuta cewa ƙugiyar ta lalace tun kafin a ba yayanka. Yanzu an cinye wurin da dutsen wasa wuƙa. Lambar kamfanin ma a jikin fentin take."

"Amma ga ta nan rabi! Yana gani ai rabi ce!"

"Yana gani. Ya ce kowace tashar jirgin ruwa akwai irinta. Ya ce in ya sa wannan a rahotonsa, lauyan kamfani zai ɗaga ta sama ya ce iyalan mamaci sun sayi ƙugiya a kasuwa sun yanka ta da magagari. Kuma daga nan za a tambayi wanda ya ɗauke ta daga wurin haɗari ba izini. A gonarsu ya ɗauka, dokarsu ce za ta hau kan Bongdu."

Na dubi dattijon na yi masa magana kai tsaye, ko da yake ba ya ji.

"Yallaɓai, kai ka yarda ya kwance ta da hannunsa?"

Mista Hyon ya fassara. Kuwabara ya girgiza kai, ya faɗi kalma biyu ko uku.

"Ya ce a'a. Bai yarda ba."

"To ya rubuta haka mana!"

"Zai rubuta cewa yana da shakka. Amma ɗan Yang, ka ji ni da kyau. Ba a sauya layin nan sai ɓangarorin biyu sun sa hannu. Nasu ba za su sa hannu a kan kamfaninsu saboda shakkar tsoho ɗaya ba. Namu kuwa za su ce tunda dokar Japan ce, abin da Japan ta ce shi ke nan. Kowa zai tafi gida da hannunsa a wanke."

Mista Kuwabara ya naɗe ƙugiyar da kansa. Ya mayar da ɗaurin bakwai yadda ya same su, har ya fi ni sanin yadda suke. Ya miƙo mini da hannu biyu ya sake yin magana.

"Ya ce ka gaya wa mahaifiyarka bai taɓa ganin ƙarfen da aka kula da shi haka ba."

A bakin ƙofa Mista Hyon ya riƙe mini hannun riga. "Me za ka ce mata?"

"Ban sani ba."

"Ni dai ba za ta ji daga bakina ba."

La'asar ta yi kafin motar ta sauke ni. Tun daga titi na hango ta. Tana tsaye a cikin katangar kabarin, ba ta ko cire baƙar rigar nutso ba, gilashin nutso yana kan goshinta. Kawu Bongdu yana can nesa a bakin gona, ya juya baya yana kallon teku. Ban san wa ya gaya mata ba. A ƙauyenmu ba sai an gaya ba.

Na tsallaka na durƙusa. Na zaci za ta mare ni. Sai kawai ta miƙo hannu, na ba ta ƙunshin. Ta duba ɗaurin ɗaya bayan ɗaya.

"Ya buɗe?"

"Ya buɗe, Inna. Da safar hannu. Har ya sunkuya masa."

"Hm." Ta shafa ƙyallen. "Ya ga yadda na gyara shi? Yadda Bongdu ya kawo mini shi, duk baƙin mai, kamar wanda ba shi da kowa. Kwana biyu ina gogawa da toka. Bakin nan kuwa kamar reza, da ya keta likkafanin, ya yi ta sukar sa a kwance. Sai da dutsena ya rage rabi."

Ta nuna mini yatsunta. Har yanzu akwai farin tabo a kan manuniyar da babbar.

"Ya gani," na ce. "Ya ce bai taɓa ganin ƙarfen da aka kula da shi haka ba."

"Ashe akwai mai hankali a cikinsu. To me ya ce? Za su gyara takardar?"

Iska ta tsaya ɗan lokaci. Ruwa yana ɗiga daga gashinta yana sauka a kan ƙyallen. Kawu Bongdu ya juyo yana kallo na daga nesa.

"Ya ce ya yarda ƙugiyar ce ta karye. Amma ba huruminsa ba ne ya sauya takarda. Ya ce sai Seoul."

Inna ta tofar da yawu ta bayan katanga. "Na sani. Tun farko na san wasa suke mana. Ka tone yayanka alloli suna kallo, a kan banza." Ta durƙusa ta mayar da ƙunshin cikin akwatin, ta gyara wuyan rigar. "Ɗauki shebur."

Muka rufe. A ƙofar gida ta hana ni shiga sai da ta watsa mini gishiri cikin hannu uku don korar musiba, a kai da kafaɗu, da ƙarfi kamar tana jifan kare. Da yamma na je wurin Kawu Bongdu a bakin ruwa na faɗa masa gaskiya. Ya zauna a kan kwalekwalensa ya riƙe kai.

"Da na jefa ta a teku da kaina," ya ce. Can kuma ya ce, "In ka gaya mata, ba za ta sake fitowa daga ruwa ba. Ka sani ko?"

"Na sani."

A watan Fabrairu wata takarda ta zo, wannan karon da hatimi biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ni na karanta mata, ban bar mai unguwa ya gani ba. Kwamitin ya duba, ya gode wa ɓangarorin biyu bisa haɗin kai, ya bar bayanin kamfani yadda yake. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da ƙunshin busasshiyar ciyawar teku, mai kyaun da take ajiyewa don biki, da dafaffen dankali a leda.

"Tunda sun ce Seoul, sai ka tafi Seoul. Ka ba babbansu wannan, kada ka shiga masa ba komai a hannu. Ka gaya masa ɗan Japan ɗin ma ya yarda. Kai da ƙafarka ba ta zama, yau ga inda za ta yi amfani."

Na tafi. Na hau jirgin ruwa zuwa Mokpo, na hau jirgin ƙasa. A Seoul na zauna kwana uku a kan benci a tashar, ina kallon mutane suna wucewa. Ciyawar na ba wata tsohuwa mai share wurin. Na dawo na ce wa Inna an karɓa, an ce ana dubawa.

Bana sau biyu na je. Jiya ta fara shanya wata ciyawar a kan katanga, ta ce in sanyi ya ɗan sassauta in sake komawa, wataƙila an sauya babban nasu.